Wane suna za mu sa wa "bireka" da Hausa?

Assalamu alaikum. Kalma ɗaya nake nema, kuma a bakin ruwa buƙatarta ta same ni. Jiya na tambaye ku sunan da za mu sa wa "bireka", kuka kawo shawarwari.

Kawuna yana da kwale-kwale mai inji a yankin Guri, yana ɗaukar mutane da buhuna idan kogin Haɗeja ya cika da damina. Bana muka sa masa batir mai bolt 12, da faifan sola, da fitila biyu, da famfon kwashe ruwa, da wurin cajin waya. Kowane layi da nasa abin nan da masu wayarin ke kira saket bireka, mai yanke wuta da kansa idan ta yi yawa, a jere cikin akwati ɗaya. Ba a yi sati biyu ba ya bugo mini: "Ɗan nan, birkinka ya lalace, sai kashe kansa yake yi." Har yaron jirginsa ya ce a cire shi a haɗe wayar kai tsaye.

Hankalina ya tashi, domin jarkar fetur tana kusa da akwatin. Da na je na kashe komai, na tayar da abin, na riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. Fitilu lafiya, caji lafiya. Ina kunna famfo ya yi ƙugi, jim kaɗan abin ya faɗi. Muka buɗe gindin famfon, sai ga guntayen ciyawar kacala sun shaƙe shi. Injin famfon da ya kasa juyawa wuta yake zuƙa fiye da ƙa'ida, shi kuwa abin ya yanke ta kafin waya ta ƙone. Aikinsa ya yi. Amma wanda aka ce masa "birki" ne, ina zai san haka?

A cikin irin namu akwai siririn ƙarfe mai falle biyu da ke lanƙwashewa idan ya ɗauki zafi, sai ya saki maɓallin. Shi ya sa lokacin faɗuwarsa ke ba da labari. In ya faɗi nan take, a nemi inda waya ta goge ta haɗu da 'yar'uwarta. In sai ya ɗau mintuna, ko lodi ya yi yawa, ko bakin wayar ya yi tsatsa ko ya saki yana zafi, abin da danshi ke yawan jawowa a jirgi. Lissafin ba wuya: kayan wat 60 a kan bolt 12 amfiya 5 suke ja (amfiya ita ce ma'aunin wutar da ke bi ta waya). Kuma don Allah kada a cire mai amfiya 10 a sa mai 20 don a huta. Da kaurin wayar ake auna shi.

To ga abin da kuka kawo tun jiya.

Masu cewa katawut, na gode, amma shi fis ne a ciki, in ya ƙone sai an sake. Namu tayar da shi ake yi. Makunni kuma mutum ne ke taɓa shi. Mayanki ya tuna mini da mahauta, makashi ya fi shi muni.

Wani dattijo ya ce "tarkon wuta", tunda ɗana shi ake yi kuma yakan faɗi da kansa. Baba, wallahi na daɗe ina juya wannan, ta yi mini daɗi a baki. Da na gwada wa Kawu sai ya ce tarko ai kamawa yake yi ya riƙe, wa zai kai hannu kusa da abin da ya riƙe wuta? Na kasa ba shi amsa.

Wata malamar Hausa ta kawo "makatsin wuta", daga katse, kamar yadda buɗe ya ba mu mabuɗi. Malama, Allah ya ƙara sani, naki na ɗauka. Duk wanda ya ji "an katse mana hanya" ko "layi ya katse" zai gane cewa tsayar da abu aka yi, kuma ana iya ci gaba. A taƙaice makatsi, jam'i makatsai. Sai mu ce makatsi ya faɗi, a duba dalili, a tayar da shi.

Na rubuta a jikin akwatin da fenti: makatsin fitila, makatsin famfo, makatsin caji. Da yamma Kawu ya bugo ya ce makatsin famfo ya sake faɗuwa, ya cire ciyawar da kansa kafin ya tayar da shi.