Inji ya guntule wa ƙanena yatsu a wurin aiki: wace diyya doka ta tanadar masa?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum. Ƙanena yana aiki a wata masana'antar robobi da ke Sharaɗa a Kano, kuma yau kwana tara ke nan da inji ya guntule masa yatsu uku na hannun dama. Kamfanin ya biya kuɗin asibiti, amma yanzu an kawo masa takarda da ɗan abin hasafi, ana so ya sa hannu cewa magana ta ƙare, wai shi ma'aikacin wucin gadi ne. Shin haka doka ta ce?

Tsohon Ɗan Ƙwadago:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Malam, kada ku bari ya sa hannu. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ke aiwatarwa, ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi da na yini da mai koyon sana'a, kuma ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci zai yafe haƙƙinsa na diyya a cikinta ba ta da tushe. Kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun hukumar, ba daga aljihun ma'aikaci ake cirewa ba, kuma ba sai an tabbatar da laifin kamfani ake biya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lokaci. Doka ta ba shi kwana 14 ya sanar da kamfani raunin, saboda haka ku rubuta sanarwar gobe, ku karɓi kwafi mai tambarinsu, ko da kuwa a gaban manaja abin ya faru. Neman diyyar kuma a cikin shekara ɗaya ake shigar da shi.

Maman Hanifa:
Maigidana ya faɗo daga bene a wurin gini a Kaduna, kuma abin da ya wahalar da mu shi ne rashin takardu. Ku adana rahoton likita, rasidan magani, katin shaidar aiki da sunayen waɗanda suka gani da idonsu. Ku je ofishin hukumar da kanku, domin wasu kamfanonin ba sa kai rahoto ko da yake wajibi ne su kai cikin kwana 7.

Tsohon Ɗan Ƙwadago:
Gaskiya ne, Hajiya. Idan hukuncin hukumar bai gamsar da ku ba, kuna da kwana 180 ku ɗaukaka ƙara gare ta, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karɓe takardar daga hannunsa, kuma da safe za mu kai sanarwar.