Musayar Waƙa: Aya Kafin Waya

Dattijon Wusasa:

Salama gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangiji. Batunmu na wannan mako shi ne karatun Littafi Mai Tsarki da addu'a kowace rana. Ƙwar huɗu za mu yi, a rufe kowane baiti da "ya". Mai goyon baya da mai ja, kowa ya zo da waƙa. Ga tawa.

Da sunan Uba nake farawa,
Da Ɗa mai ceto daga mutuwa,
Da Ruhu mai yi mana koyarwa,
Allah ɗaya ne, Sarkin gaskiya.

Da asuba nakan bar shimfiɗa,
Tun ba a ji motsi a tsakar gida,
Littafi a hannu, zuciya guda,
In zauna a tabarma, in kashe waya.

Ba na buɗe shi sai na roƙa tukuna,
Da roƙon da Zabura 119 ta nuna,
"Ka buɗe idona," in ce, "ya Ubangijina,
In ga al'ajabanka, in bi ka kan hanya."

Markus ya shaida a sura ta fari,
Yesu ya tashi tun da wuri-wuri,
Ya kaɗaita can nesa da gari,
Yana addu'a har su Siman suka biyo baya.

Aya biyar ko shida sun ishe ni,
In karanta, in maimaita, su ratsa ni,
In tsaya a kan wadda ta kama ni,
In mai da ita roƙo daga zuciya.

Saniya in ta ƙoshi takan kwanta,
Ta dawo da ciyawa ta sake tauna ta,
Tuƙa ke tara nono a hantsarta,
Haka nake yi da kowace aya.

Telan Kafanchan:

Baba, ina gaisuwa. A yi mini haƙuri, ina da ja.

Baba na ji, na kuma rusuna,
Amma da magana a bakina,
Littattafai 66 ke gabana,
Da aya biyar yaushe zan gama tafiya?

Surori 1,189 ne,
Uku ko huɗu a yini tsarina ne,
Farawa zuwa Ru'ya burina ne,
Cikin shekara guda, in da rai da lafiya.

Mai tsintar ayar da ta yi masa daɗi,
Ya tsallake Amos mai zafin gargaɗi,
Ya ce Firistoci ya cika faɗi,
Rabin saƙo ya ji, ya bar rabi a baya.

Mutanen Biriya an yabe su,
Kullum suna bincike da kansu,
Ko abin da Bulus ya faɗa musu
Haka yake a rubuce, ko akwai ƙarya.

Uwar Zumunta, Kaltungo:

Ɗana na Kafanchan, sannu da himma,
Baba na Wusasa, Allah ya ƙara girma,
Ni asubata ba ta kan tabarma,
Tana bakin titi gaban kaskon suya.

Wake tun dare nake jiƙa,
Ƙarfe huɗu na kai shi niƙa,
Hannu duk mai, wane shafi zan riƙa?
Sai in kunna karatun a cikin waya.

Mai karatu na yi, ƙosai na soyuwa,
Luka sura 10 ta zo wucewa,
Marta na hidima, tana ta damuwa,
Ƙanwa na zaune gaban Baƙon Betanya.

Na tsai da waya na ce, ya Ubangijina,
Hannun Marta ka ba ni, ga shi a jikina,
Ka ba ni kunnen Maryamu a bakin aikina,
Na yini da roƙon nan har la'asar sakaliya.

Surukata ba ta shiga aji ba,
Ba ta iya rubuta ko sunanta ba,
Amma Zabura 23 ba ta kuɓuce mata ba,
Jika na karantawa, kaka na biya.

'Yar Maraɗi:

Ina yini iyayena. Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba. Yau dai abin ya fi ƙarfina.

Inna, waƙarki ta sa ni hawaye,
Tambaya ce gare ni, ya ku iyaye,
Aikin dare nake har gari ya waye,
A ɗakin yara nake aikin jinya.

Damina ce, zazzaɓin sauro ya yi yawa,
Wani yaro na riƙe, yana suma yana farfaɗowa,
Uwarsa na kallona ba ta ko ƙiftawa,
Kafin kiran assalatu ya bar duniya.

Na koma gida na buɗe Littafin,
Baƙaƙe kawai nake gani a shafin,
Bakina ya kasa furta ko da Amin,
Rana irin wannan, yaya ake yi da aya?

Mai Bishara daga Mubi:

Ƙanwata, Allah ya ba uwar yaron haƙuri, ke ma ya ƙarfafa ki. Ba wa'azi zan yi miki ba, abin da na gani zan faɗa.

Ƙanwata, wannan hanya na wuce,
A 2014 daga Mubi muka fice,
Gida da majami'a da gona duk sun ɓace,
Muka bi daji a ƙasa, yara a baya.

Ƙaramin Littafi ne a aljihuna,
Addu'a ta ƙi fita daga bakina,
Sai na bar Zabura ta yi a madadina,
Tana kuka, ina amsa mata da zuciya.

Je ki Zabura 88 ki duba,
Mai ita ya yi kuka dare da asuba,
Har ya rufe bai ce ya ga haske ba,
Aka kuwa bar ta cikin Littafin gaskiya.

Romawa 8 ta ce ba mu san roƙo ba,
Yadda ya kamata mu yi, ba mu iya ba,
Ruhu na nishi dominmu, bai gaji ba,
Ki buɗe, ki zauna, ko da babu murya.

Manna a jeji kullum ake tsinta,
Ta yau ta yau ce, ba a ajiye ta,
Ko baki ba daɗi, ki ɗan taɓa ta,
Gobe da sabuwa, ba a cin ta jiya.

Katekis na Zonkwa:

Salama. Ɗan'uwana tela, mu a Katolika littattafanmu 73 ne, kuma karatun Lahadi yana zagayawa ne cikin shekara uku: Matiyu, Markus, Luka. To ina tare da kai a kan kada a tsallake. Amma abin da Baba ke yi a tabarmarsa tsohuwar hanya ce ƙwarai.

Wani ɗan zuhudu a ƙasar Faransa,
Ƙarni na 12 ne zamaninsa,
Tsani mai hawa huɗu ya bar wa 'yan'uwansa,
Har yau ana hawansa a Ikilisiya.

Hawa na fari ka karanta a natse,
Na biyu ka juya ta a rai, kar ka katse,
Na uku ka yi roƙo tun hankali bai watse,
Na huɗu ka yi shiru, ka kasa kunnen zuciya.

Sama'ila yana yaro a hannun Eli,
An kira shi sau uku, ya rasa dalili,
Tsoho ya ce, koma ka kwanta a hankali,
Ka ce, "Yi magana, bawanka na ji," ka tsaya.

Hawa na huɗun nan shi ake tsallakewa,
A karanta, a roƙa, a miƙe da gaggawa,
Sallama ake yi, ba a jiran amsawa,
A rufe Littafi, a ɗauki waya.

Telan Kafanchan:

Malam Katekis, na karɓi tsani,
Baba, tuƙar nan ma tana da amfani,
Amma surori huɗu suna nan a yini,
Sai dai in zaɓi aya guda in tsaya.

Yau Firistoci nake, sura ta 19,
Hakkin ɗan ƙodago, ta ce, kar ya kwana da saura,
Na ajiye almakashi na kira yara,
Kafin a rufe shago kowa na biya.

"Ka ƙaunaci maƙwabci kamar kanka,"
A surar nan take, Baba, duba Littafinka,
Daga nan Yesu ya ɗauko ya miƙa maka,
Shi ya sa ba na tsallake ko sura ɗaya.

Dattijon Wusasa:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Wanda aya ta sa shi buɗe aljihu, ya karanta ta. Ci gaba da surorinka huɗu. Ni idona ba zai kai ba yanzu, amma ina so ku matasa ku san yadda Littafin nan ya zo hannunmu.

A 1932 aka gama bugawa,
Littafi cikakke da harshen Hausawa,
Dokta Mila da abokan fassarawa,
Shekara da shekaru suna kai, tun daga Zariya.

Iyayenmu a ajin yaƙi da jahilci,
Bayan an taso gona, an ci abinci,
Suka koyi abacada da naci,
Don su karanta wa kansu ko aya ɗaya.

Yau ga shi nan cikin kowane aljihu,
Ana iya karanta shi ko cikin duhu,
Saura a zauna da maganar Almasihu,
Mai ƙosai da asuba, mai jinya da safiya.

'Yar Maraɗi:

Yayana na Mubi, na bi shawara,
Na karanta ta kafin in koma ɗakin yara,
Sauƙi bai zo ba tukuna, amma na fara,
Kukan da ya ƙi fitowa ya fito jiya.

Uwar yaron tana ƙauye kusa da Tibiri,
Ran Laraba zan je in ba ta haƙuri,
Ku sa mu a addu'a tun da wuri,
Wace sura zan riƙe a kan hanya?

Uwar Zumunta, Kaltungo:

'Yata, ki karanta tun kafin ki tashi,
Inda Li'azaru ya mutu aka binne shi,
Yesu ya zo ya zub da hawaye dominshi,
Yohanna ne, sura ta 11.

In kin isa kar ki yawaita magana,
Ki kama hannunta, kusa da ita ki zauna,
Zumuntarmu ta mata da ku za ta tuna,
Ki riƙa mata ɗan gero a ƙwarya.

Ki tashi da wuri saboda hadari, hanyar ƙauye da damina ba ta da tabbas. In kin dawo ki sanar da mu yadda kika same ta.