Likkafar gaba da likkafar tsakiya: neman suna ga matakan ƙafa na babban babur

Akwai wasu kalmomi biyu na Turanci da suka shigo ƙauyenmu a kan babur, kuma tun bayan Babbar Sallah nake neman yadda za a faɗe su da Hausa ba tare da dogon bayani ba. Ƙanena da ke aiki a Abuja ne ya zo gida, nan ƙasar Ringim, da wani babur na hannu ƙirar Harley-Davidson, samfurin da ake kira Forty-Eight, irin baburan nan masu dogon jiki da kujera ƙasa-ƙasa waɗanda Amurkawa suka ƙera domin tafiyar ƙasaita a kan miƙaƙƙen titi. Kalmomin su ne "forward controls" da "mid controls", kuma abin da suke nufi shi ne wurin da aka kafa matakan ƙafar mahayi tare da giya da birkin baya, ko dai can gaba wajen goshin inji, ko kuwa a tsakiya, ƙarƙashin gwiwa.

Hanya ce ta tilasta mana neman sunan. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa ƙofar gidanmu burji ne, kuma ruwan farkon damina ya riga ya zaizaye shi. Duk wanda ya taɓa tuƙa Boxer a irin wannan hanya ya san abin da jikinsa ke yi ko da bai lura ba: idan ya hango rami sai ya danna ƙafafunsa, ya ɗan ɗaga daga kujera, gwiwoyinsa su shanye bugun. A kan babur ɗin ƙanena hakan ba ta yiwuwa, domin ƙafafunsa suna miƙe a gabansa kamar na mai kishingiɗa, babu abin da zai taka ya ɗaga jikinsa, sai kowane rami ya bi ta shokazoba ya sauka a tsatsonsa. Ya iso yana dafe da ƙugu, har Inna ta ɗauka faɗuwa ya yi.

Washegari ya je wa bakaniken garinmu da maganar cewa yana son a dawo da kayan ƙafar tsakiya, amma sai da ya durƙusa ya nuna da yatsa kafin suka fahimci juna. Bakaniken ya ce ai sunan abin mataki, kuma da gaskiyarsa, domin haka kowa ke kiran robar da ake ɗora ƙafa. Sai dai abin da ake matsarwa ya fi robar yawa. Akwai mataki, akwai sandar giya a hagu, akwai matakin birki a dama, akwai ƙarafan da suka riƙe su a jikin babur, sannan akwai sandunan da ke kai motsin ƙafa zuwa cikin giya da birki, waɗanda dole su ƙara tsawo idan aka kai kayan gaba. Wanda ya aika Kano a sayo masa mataki, robobi biyu za a ƙullo masa a leda. Ban da wannan, "matakin gaba" ya riga ya sami ma'ana a bakin 'yan jarida da ma'aikatan gwamnati, duk wanda ya ji shi abin da za a yi nan gaba zai fara zuwa masa a rai. Feda kuwa ta keke ce, juyawa take yi. Wani malamin firamare ya kawo "masarrafar ƙafa", wadda ba ta da laifi a takarda, amma ban ga ranar da za a furta ta a rumfar bakanike ba.

Kalmar da nake son gabatar muku daga bakin Baffanmu ta fito, wanda ya shafe shekaru yana kiwon doki, yana kuma hawa a tawagar hakimi duk Sallah. Ya zagaya babur ɗin sau biyu, ya sa ƙanena ya hau ya ɗora ƙafafunsa, sannan ya ce, "Kai yaro, ai likkafarka ce ta yi gaba da yawa. Wanda ƙafarsa ba ta ƙarƙashinsa ba ya tashi daga sirdi." Aka kwashe da dariya, domin an san wanda likkafarsa ta yi gaba shi ne wanda ya sami ɗaukaka, ga shi kuma ɗaukakar ce ta jawo wa mai ita ciwon baya.

Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, ai likkafa wurin ɗora ƙafa ce kawai, mu kuwa har da giya da birki muke nufi." Bai amsa mini ba sai da ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar likkafarsa, faffaɗar nan ta ƙarfe wadda tafin ƙafa ke zama a cikinta gaba ɗaya. Ya ɗora yatsana a kan kusurwarta, na ji ta da ɗan kaifi duk da ta sha gogayya, ya ce da wannan gefen ake zungurar doki ya zabura, da ita kuma ake dogarawa idan za a ja linzami a turje. A nan na gane cewa likkafa wuri ce da ƙafa ke hutawa kuma take ba da umarni, wanda shi ne ainihin abin da kalmomin Turancin suke nufi.

Na san za a ce likkafar doki a rataye take tana lilo, ta babur kuwa an ɗaure ta da noti. Wannan bai dame ni ba. Hausa ta ɗauki jirgi daga ruwa ta kai shi sama, ta ɗauki linzami daga bakin doki ta ba makami mai linzami, kuma tuni muke kiran abin hawa mai ƙafa biyu dokin ƙarfe.

Na gwada kalmomin a cikin magana, na ga suna zama daram. Likkafar gaba ta dace da dogon mutum a kan doguwar kwalta irin titin Kano zuwa Maiduguri, inda zai miƙe ƙafa ya huta gwiwarsa ba ta ƙage ba, amma gajeren mutum sai ya zamo gaba a kan kujera kafin ya taka birki da ƙarfi, kuma wannan ba ƙaramin haɗari ba ne idan akuya ta faɗo titi. Likkafar tsakiya tana lanƙwasa gwiwa, tana iya gajiyar da dogo a tafiya mai nisa, amma tana ba mahayi damar ɗagawa a kan rami, da sarrafa babur da nauyin jikinsa a cikin yashi, da saurin kai ƙafa ƙasa idan tayar gaba ta fara zamewa. A ganina duk wanda gidansa ke bayan kwalta ba shi da wani zaɓi sai ita. Su kansu masu ƙerawa sun san ba a taru an zama ɗaya ba: a cikin dangin baburan Harley-Davidson da ake kira Sportster, wanda aka fara a 1957, Iron 883 da likkafar tsakiya ya riƙa fitowa, Forty-Eight kuma da ta gaba, sannan Kawasaki ta yi wa Vulcan S na 2015 wurare uku da za a iya kafa likkafar, kamar yadda Baffa ke rage igiyar tasa idan jikansa zai hau.

Saura wuri ɗaya da na yi tuntuɓe. Baburan gasa suna da nasu kayan ƙafar a can baya, kuma da an ce "likkafar baya" ɗan acaɓa zai ɗauka wurin da fasinja ke ɗora ƙafa ake nufi. Shawarata ita ce a kira waccan likkafar tsere, a bar wa na fasinja sunansa na mataki, tunda babu giya babu birki a jikinsa. Haka ma ƙarin matakan da wasu ke ɗaurawa a jikin ƙarfen kare inji don miƙe ƙafa, matakai ne kawai.

Ina roƙon mutanen Haɗeja da Gumel da Kazaure, musamman masu dawaki da bakanikai, idan akwai wata kalma da ta riga ta zauna a bakinku ku kawo ta, kuma ku faɗa mini ko "likafa" kuke rubutawa ko "likkafa", domin na ga duka biyun. Bakaniken namu dai ya riga ya buga wa mai kayan gyara waya a gabana, ya ce masa likkafar tsakiya ta Sportster yake nema da sandunanta. Mutumin ya tambaya ko doki aka kawo masa gyara, da aka ce masa har da giya da birki sai ya ce ya gane, a ba shi mako biyu.