Musayar Waƙa Kan Zaɓen 'Yan Wasa a Gasar Sallah ta Asawase

Wannan musayar ta taso ne bayan gasar ƙwallon yara da aka buga a Asawase, nan Kumasi, washegarin Babbar Sallah, inda kocin unguwarmu ya ajiye wani yaro da bai taɓa fashin atisaye ba, ya saka ɗan mutumin da ya saya wa ƙungiyar riguna. Kawun yaron ne ya buɗe da amsa-amon "sa", sauran suka bi shi.

Kawun yaron:

Koci, na gaishe ka da girmamawa,
Ina da ƙorafin da ba ya ɓoyuwa,
Wata uku ɗan ƙanwata yana ta zuwa,
Ko an yi ruwa, ko rana na ƙonawa,
Amma ranar gasa ka hana shi wasa.

Takalmin gwanjo na sayo masa a kasuwar Kejetiya,
Ya wanke shi da dare, ya rataye a igiya,
Ya kwana yana juyi har wayewar safiya,
Sai ga ɗan mai riguna a tsakiya,
Namu yana benci, kansa a ƙasa.

Koci:

Kawu, na ji kukanka, kuma ban ƙi ba,
Sai dai ba riga ce ta yi mini zaɓi ba,
Yaronka gwani ne, ban taɓa musu ba,
Amma in ya riƙe ƙwallo bai san abokinsa ba,
Ya yanke uku, na huɗu ya ƙwace masa.

Kuɗin mota da ruwan leda daga aljihuna,
Ba ni da albashi, ɗinki ne abincina,
Goma sha ɗaya ake so, talatin ne yarana,
Duk wanda na ajiye, gidansu na zagina,
Ku nuna mini yadda zan raba ta ta isa.

Tsohon mai tsaron gida:

'Ya'yana, ku tuna 1982 a Libiya,
Kocin Ghana C.K. Gyamfi ya tafi da Abedi Pele cikin tawaga ɗaya,
Shekara 17 gare shi, ga manya a gefen hanya,
Suka dawo da kofin Afirka na huɗu, aka yi ta shewa da dariya,
Don haka zaɓi na koci ne, ban ƙwace masa.

Amma ɗana koci, akwai inda zan kama ka,
Kullum da la'asar ina zaune a bayanka,
In yaro ya ba da ƙwallo ta ɓace, sai tsawarka,
Har masu sayar da rake sun haddace zaginka,
Shi ya sa yaron ya gwammace ya riƙe abinsa.

Mu namu kocin ba ya ihu a cikin fili,
Sai an tashi ya ja ka gefe a hankali,
Ya zana maka kuskurenka da tsinke, dalla-dalla da dalili,
Kai kuwa ka ga aibin yaro tun wata uku a fili,
Ka taɓa zaunar da shi ka gaya masa?

Hajiya mai wake da shinkafa a bakin fili:

Ni ban san dokar ƙwallo ba, na san yunwa,
Yaron ya zo bayan rumfata yana sharɓewa,
Na zuba masa da ƙwai, ya kasa haɗiyewa,
Sai dai abin da ya fi ba ni mamaki da damuwa,
Wancan dogon da aka aro daga nesa.

An ce shekararsa 14, na dubi haɓa,
Na ga sawun reza, ban ce komai ba,
Na ji FIFA tun 2009 kan shekarun matasa ba ta yarda da baki ba,
Sai na'ura ta duba ƙashin wuyan hannu ta tantance gaba,
Mu a zango wa zai duba mana nasa?

Koci:

Baba, tsawar nan na karɓa, laifina ce,
Haka aka koya mini, na ɗauka hanya ce,
Hajiya, batun dogon kuwa gaskiya ce,
Tsoron shan kashi a gaban jama'a ne ya sa na kauce,
Na aro shi, na kuwa sha ƙwallo biyu duk da tsayinsa.

Daga Litinin zan ajiye littafin zuwa,
Wanda ya yi fashi uku ba ya farawa,
Ran Asabar akwai wasan sada zumunci da 'yan Aboabo, in da rayuwa,
Yaron zai fara a gefen dama, inda gwarzon Ghana Baba Yara ya yi tasowa,
In ya ɗaga kai ya ba da ƙwallo, wurin nasa.

Kawun yaron:

Na gode, koci, Asabar ina nan tafe,
Zan rufe shago in zo in tsaya a gefe,
Amma batun mai riguna ka bar shi a rufe,
Littafin nan naka, in ka buɗe shi da safe,
Zai hau kan ɗan Alhaji, ko za a tsallake sunansa?