Levi, Sälen ko Trysil? Ina neman shawarar waɗanda suka je da yara

Baban_Hanif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yara sun matsa mini da maganar zamiyar ƙanƙara. Muna Manchester, mu huɗu ne: ni, mamansu, yaro ɗan shekara 10 da ƙanwarsa 'yar 7. Babu wanda ya taɓa yi a cikinmu. Hutun makaranta na tsakiyar Fabrairu kaɗai muke da shi, kuma fam 3,000 na ware, har da jirgi. Na rasa wanda zan ɗauka tsakanin Levi a Finlan, Sälen a Suwidin da Trysil a Norwe. Fasfon Ingila ke hannunmu, babu maganar biza. Wanda ya je da iyali don Allah ya faɗa mini abin da ya kashe.

Ɗan_Fagge: Wa alaikumus salam. Alhaji ka tafi Bansko a Bulgeriya kawai, kuɗinka zai yi saura.

Maman_Ilham: Ba Bulgeriya ya tambaya ba. Baban Hanif, Sälen za ka je. Tsaunukan ba su da tsayi, gangaren kwance yake, masu koyo da ƙananan yara ne suka cika wurin. Tun ƙarshen 2019 aka buɗe filin jirgi tsakaninsa da Trysil, don haka duka biyun kusa suke. Mu daga Gothenburg da mota muke zuwa, mu kama ɗan gidan katako mai kicin, in taho da naman halal da shinkafata. Krona 9,000, kuɗin Suwidin, muka biya na sati.

Sadauki_Oslo: Hajiya, 9,000 a wane wata? Ni 19,000 aka ce mini a Fabrairu na haƙura.

Maman_Ilham: Janairu ne.

Sadauki_Oslo: To kin gani. Fabrairu makarantun Suwidin ke hutun wasannin sanyi, kowane yanki da satinsa: Gothenburg sati na 7 a shekara, Malmö na 8, Stockholm na 9. Norwe ma hakan take. Hutun Ingila cikinsu yake faɗawa. Kuma gida ba shi ne kuɗin ba. Akwai tikitin injin da ke hau da mutum tsauni, hayar takalma da katakon zamiya da hular kwano na mutum huɗu, ga kuɗin mai koyarwa. Trysil ce mafi girma a Norwe, amma in kuka zauna cin abinci a waje sau biyu a rana, kasafinka ba zai kai Laraba ba.

Abu_Sadiq: Ku bar lissafin gida ku ji nawa. Wani wurin a Norwe na je da abokan aiki. Na ga yara 'yan shekara biyar suna wucewa kamar iska, na ce ba na buƙatar mai koyarwa. Na hau har sama, na biyo hanya mai jar alama alhali kore ce ta masu koyo. Ƙafa ta yi gabas, gwiwa ta yi yamma. A kan jan gado aka sauko da ni. Jijiyar gwiwa ta tsinke. Na kira kamfanin inshora daga asibiti, matar ta ce takardata ba ta ƙunshi wasannin ƙanƙara ba, sai an ƙara kuɗi daban tun kafin tafiya. Wa ya faɗa mini? Jirgin dawowa ya tafi ya bar ni, na sayi wani tikitin da kujerar da zan miƙe ƙafa. Har yau a kan kujera nake sallah in sanyi ya shigo.

Maman_Ilham: Subhanallahi. Allah ya ƙara sauƙi Malam.

Injiniya_Oulu: Allah ya sa kaffara ne. Amma ai kai ka ƙi mai koyarwa.

Abu_Sadiq: Injiniya ban zo a yi mini shari'a ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, a wurin aiki sai da aka riƙa yi mini kallon wanda ya je ya sayo wa kansa rauni. Surukata kuwa cewa ta yi me ya kai Bakano kan ƙanƙara.

Ɗan_Fagge: Gaskiyar Hajiya Babba. Mutumin da hunturun Kano ke hana shi wanka sati guda 😂

Injiniya_Oulu: Baban Hanif, Levi. Filin jirgin Kittilä kilomita 15 ne daga wurin, kuma lokacin sanyi akwai jirage kai tsaye daga Ingila. Yuro ake kashewa, lissafi ya fi sauƙi. Ga barewar ƙanƙara da karnuka masu jan keke, in an dace a ga hasken nan na sararin arewa. Sai dai sanyin ba wasa ba, yana iya wuce 25 ƙasa da sifiri. Ka sa kayan sanyin yara cikin lissafi.

Sadauki_Oslo: Hawan keken karnukan nan na mutum huɗu kaɗai zai cinye masa ɗaruruwan yuro. Ka faɗa masa wannan.

Injiniya_Oulu: Ni a ƙasar nake zaune, ba a intanet na karanta ba.

Maman_Ilham: Zama a Oulu daban, ɗaukar yara biyu daga Ingila daban. Kai da motarka da katakonka kake zuwa, ba ka san kuɗin haya ba. Ka taɓa sa wa 'yar shekara 7 takalman nan da asuba tana kuka?

Injiniya_Oulu: To Anti, marasa aure mu yi shiru kenan.

Malam_Habu: Babu wanda ya duba kalanda? Azumin 2026 wajen 18 ga Fabrairu zai kama, tsakiyar hutun nan. Ranar can gajera ce, amma zamiya da ƙishirwa sai a yi tunani.

Baban_Hanif: Na gode duka. Malam Habu wannan ya shige mini. To fam 3,000 ɗin zai isa ko ba zai isa ba?

Ɗan_Fagge: A Bansko zai isa.

Ummu_Khairat: Ku masu fasfon Turai kuna hutawa. Mu masu kore, kuɗin biza yuro 90 ne kowane babba tun da aka ƙara a 2024, yara 'yan 6 zuwa 12 yuro 45, ga inshorar lafiya da dole ta iya biyan har yuro 30,000. Na biya gida a Finlan na biya jirgi don su ne ake nema a takardu, ranar ganawa kuwa ba a samu ba sai bayan tafiyar ta wuce.

Sadauki_Oslo: Ai gida mai sokewa kyauta ake kamawa.

Ummu_Khairat: A Fabrairu? Nuna mini shi.

Abu_Sadiq: Ni ƙanina aka hana biza bara, wai ba su gamsu zai koma ba. Mutumin da ke da aiki da mata a Leeds.

Ɗan_Fagge: Wa ya san lokacin da suke sakin ranakun ganawa? An ce da tsakar dare ne, na kwana biyu ina gadin waya ban ga komai ba.