Wai zanen fuskar aboki ya fi wuya ko ni ne ban iya ba?

Ɗan Birni:
Salamu alaikum jama'a. Ina ɗan taɓa zane da fensir, ba sana'ata ba ce, in mun zauna fada da dare ana dafa shayi sai in jawo takarda. Akwai abokina ɗan kabu-kabu tun muna lakwal muke tare, na zana shi ya fi a ƙirga amma kullum in na nuna ma mutane sai su ce wannan ai ƙanensa ne, alhali baƙon da na gani sau ɗaya a tasha na zana shi kowa ya gane shi. Jiya ina duba waya na ci karo da zane-zanen wani Barashe Ilya Repin, duk tsoho guda ne mai gemu yake ta maimaitawa, nan yana rubutu nan yana kwance gindin itace da littafi nan yana huɗa. Wane ne tsohon, kuma me ya sa bai gaji da fuska ɗaya ba?

Mushen Mirya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Tsohon nan Tolstoy ne, babban marubucin Rasha. An haifi Repin a 1844, Tolstoy ya girme shi da shekara 16. Sun haɗu a Mosko a 1880, kuma Tolstoy ne da kansa ya taka har ɗakin aikin Repin. Abin da nake so ka lura, sai 1887 Repin ya yi masa cikakken hoto, bayan shekara 7 suna hulɗa suna gardama. A shekarar ce ya je gidan gonar Tolstoy, Yasnaya Polyana, kusa da garin Tula. Wancan na huɗar da ka gani ba shiri aka yi ba, Tolstoy ɗan manyan gida ne mai sarauta amma ya ɗauki garma yana noma ma wata mata da mijinta ya rasu, farin doki na jan garma a gaba wani na biye a baya yana jan abin baje ƙasa, shi kuma Repin yana ruga daga wannan bakin gona zuwa wancan da ɗan littafinsa yana zana shi a tafe. Tolstoy ya kusa shekara 60 fa! Repin ya sake komawa a 1891, lokacin ne ya yi na rubutun da na gindin itace. Abotarsu ta kai har rasuwar Tolstoy a 1910.

Mai Fenti Kasuwar Dole:
Hhhh Ɗan Birni ciwonka na san shi. Ni allunan shaguna nake yi, masu aski da masu ɗinki, kan da ban sani ba minti kaɗan na gama, amma ranar da na ce bari in zana tsohuwata wallahi takarda nawa na yaga. Baƙo kana kallon hancinsa da kunnensa yadda suke, abokinka kuwa ka daina kallonsa tuntuni, wanda ke cikin kanka kake zanawa, shi ya sa yake fitowa yaro, fuskarsa ta lokacin lakwal ce hannunka ya riƙe. Kar ka ƙara ce mai zauna in zana ka, da ka faɗi haka zai ɗaure fuska kamar mai ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa. Bar shi yana gyaran babur ko yana ƙirga canji.

Ummu Yara:
Ni dai tambaya, malamai ba su yi magana kan zanen mai rai ba? Ka je ka tambayi malamin unguwarku kafin ka zurfafa, ba faɗa ba ne.

Ɗan Birni:
Na gode yaya, zan tambaya in sha Allah. Mushe to duk abokansa haka ya yi musu?

Mushen Mirya:
A'a, wani bai samu wannan lokacin ba. Abokinsa mai tsara kiɗa Musorgski a asibitin soja na Sant Fitasbag ya same shi a watan Maris 1881, giya ta gama da shi, zama 4 kawai suka yi da fenti, ba a jima ba ya rasu. Bai gyara mai komai ba, gashi a hargitse hanci ja rigar jinya a jikinsa, ni har yau ban yanke ba ko in ce gaskiya ce ko tonon asiri. Attajirin nan Tretyakov ya sayi hoton, Repin ya ƙi cin kuɗin ya zuba su wajen ginin kabarin abokin. Hoton na nan a gidan adana zane na Tretyakov a Mosko.

Mai Fenti Kasuwar Dole:
Kai wannan da ni ne da na ɗan taje mai gashin ko don iyalinsa. Ɗan Birni ka biyo shago ran Alhamis da takardun naka in gani, amma bayan la'asar, da safe kasuwa ba ta barina.