Da me ake auna gas ɗin da ke tsakanin taurari kusa da rana?

Ɗalibin Samaru:
Assalamu alaikum malamai. An ce gajimaren gas ɗin da rana ke ratsawa yanzu zafinsa ya kai wajen digiri 7,000 a ma'aunin Kelbin, kuma sai an tara kubik santimita biyar kafin a sami ƙwayar zarra ɗaya ta haidirojin. Abu marar kauri haka, da me aka auna shi? Kuma ɗalibin fiziks a nan Zariya yana da abin da zai iya taɓawa a ciki?

Na-Kongo:
Wa alaikumus salam. Ba sai an je ba, gas ɗin ne ke biyo mu har gida. Rana na keta gajimaren da gudun kusan kilomita 26 a daƙiƙa. Iskar da take fesowa ta yi mana kumfa, kuma duk ƙwayar da ke ɗauke da caji maganaɗisun kumfar na karkatar da ita, amma marar caji wucewa take yi abinta.

A cikin masu shigowar, hiliyam ne shaidan da ake yarda da shi. Haidirojin ya fi yawa, sai dai ba ya isowa yadda ya taso: a bakin kumfar yana musayar caji da furoton (ƙwayar haidirojin da ta rasa lantarkinta), a ciki kuma hasken rana na tunkuɗe shi. Hiliyam kuwa sai da ƙarfin eV 24.6 (eV ma'aunin makamashi ne na ƙananan ƙwayoyi) ake cire masa ƙwayar lantarki ɗaya, shi ya sa yake kutsowa kusan lafiya lau. Nauyin rana na lanƙwasa hanyarsa har ya taru a bayanta kamar bakin mazurari, duniya kuma na ratsa wurin a farkon Disamba, muna tsakiyar hunturu. Kumbon Ulysses na 1990 da IBEX na 2008 sun ƙirga ƙwayoyin da kusurwar da suke zuwa. Daga inda suka fi yawa ake fitar da alkibla da gudu, daga yadda suka bazu ake fitar da zafi.

Inda gizo ke saƙa: IBEX na iya ganin su ne a ɗan gajeren sashe na zagayen duniya, don haka gudu da zafi da alkibla sukan sarƙe, lissafi fiye da ɗaya ya dace da bayanai iri ɗaya. A 2012 an sanar da gudun kilomita 23.2 a daƙiƙa, daga baya aka dawo sama da 25.

'Yar Tudun Wada:
Allah ya gafarta Malam, a bar ni in amsa masa rabi na biyu. Ƙanena, manta da sayen madubin hangen taurari. Ba hazon Zariya ne matsalar ba. Manyan layukan da gas ɗin ke bari a hasken taurari suna cikin hasken ultrabayolet, wanda iskar duniya ke shanyewa ko a kan wane dutse ka tsaya. Amma bayanan Hubble, madubin hangen da ke sararin samaniya, suna rumbun intanet na MAST kyauta, kwamfuta da data kawai kake bukata.

Ka zaɓi tauraro na kusa, kamar Capella ko Sirius, ka sauko da bakan haskensa, wato hasken a rarrabe bisa tsawon zangonsa. Nemi layukan maganiziyam biyu a angistirom (ma'aunin tsawon zangon haske) 2796 da 2803, da na ƙarfe a 2600. Za ka ga siririn rami a cikin hasken tauraron, gas ɗin hanya ne ya ci shi. Gocewar ramin daga inda ya kamata ya zauna ita ce gudu, zurfinsa kuma yawan ƙwayoyi. Faɗinsa ne ke yaudara, don zafi da hargitsin gas duk suna faɗaɗa shi. Zafi ya fi faɗaɗa layin ƙwaya marar nauyi, hargitsi kuwa bai san nauyi ba. Saboda haka sai ka haɗa layin ditiriyam (nau'in haidirojin mai ɗan nauyi) da na ƙarfe kafin ka raba zafi da hargitsi. Layin ditiriyam na gefen na haidirojin a 1216, ya goce da kilomita 82 a daƙiƙa ta ɓangaren shuɗi. Kada ka dogara da na haidirojin kansa, ya cika ya batse, ba ya ƙara nuna komai. Kuma kada ka mance ka cire gudun duniya.

Abin da za ka samu jimla ce ta duk hanyar. Redfield da Linsky sun lissafa gajimare 15 a kewayenmu a 2008, biyu na iya hawa kan juna a rami ɗaya.

Ɗalibin Samaru:
Na gode Malama. To ba kumbon Voyager ya riga ya fita daga kumfar ba? Ai na zaci shi ya raba gardama.

Na-Kongo:
Ya fita, Voyager 1 a Agustan 2012, na biyu a Nuwamban 2018. Amma na'urar auna filasma (gas mai ɗauke da caji) ta na farkon ta lalace tun 1980, sai aka bi ta kaɗawar filasma: mitar tana daidai da 8,980 sau tushen murabba'in yawan lantarki. A 2013 ya ji kusan haz 2,600, wato kaɗawa 2,600 a daƙiƙa. Buga lissafin da kanka, za ka sami wajen 0.08 a kubik santimita. Sai dai masu caji kawai ke nan, kuma a wurin da gas ɗin ya cunkushe a goshin kumfar. Kada ka ajiye wannan adadi kusa da 0.2 na haidirojin marar caji a tebur ɗaya ba tare da ka rubuta wanne ne wanne ba.